Dodo A Cikin Aji: Finafinan Ban Tsoro Da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasa

GABATARWA

Duk wanda ya saba kallon finafinan ban tsoro na Amurka da sauran ƙasashen waje zai lura da wani abu guda da ke yawan maimaituwa a cikinsu, wato akasarin waɗanda bala'i ke auka wa samari ne da 'yan mata 'yan makarantar sakandare. A aji ake fara labarin, ko a filin wasa, ko a ɗakin wata yarinya da ta kulle kanta ta ƙi kula kowa. Wannan al'ada ta daɗe. Tun a shekarar 1957 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna I Was a Teenage Werewolf, labarin wani ɗalibi mai saurin fushi da yawan faɗa, wanda aka tura wurin likita domin ya taimake shi, likitan kuwa ya mai da shi abin gwaji, har yaron ya riƙa rikiɗa yana zama kyarkeci, kamar dai yadda ake ba da labarin masu rikiɗa su zama kura a ƙasar Hausa.

Dalilin farko na wannan al'ada na kasuwa ne, domin matasa ne suka fi cika gidajen sinima idan ana nuna irin waɗannan finafinai. Sai dai akwai dalili na biyu wanda ya shafi ilimin halittu. Shekarun balaga su ne lokacin da jiki ke sauya kama ba tare da neman iznin mai shi ba, barci ya rikice, maganar abokai ta fi ta iyaye nauyi, kuma a cikinsu ne yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa ke fara tsiro. Masu shirya finafinai sun ɗauki waɗannan abubuwa da ba a gani da ido, suka yi musu fuska da farata, suka kira su dodo. Wannan maƙala za ta dubi wasu fitattu daga cikin finafinan, ta auna abin da suka nuna da abin da binciken kimiyya ya tabbatar, sa'an nan ta nuna inda suka kauce hanya.

YADDA TSORO KE AIKI A JIKI

A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan curi da bai fi babbar ƙwayar gyaɗa ba, wanda masana ke kira amigdala. Aikinsa kamar na mai gadi ne. Da zarar ido ko kunne ya kawo labarin wani abu mai kama da haɗari, sai ya aika wa sashen da ake kira haifotalamas, shi kuma ya umurci wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda su zuba sinadarin adirenalin a cikin jini, daga baya kuma kotisol ya biyo. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, tsikar jiki ta tashi, jini ya karkata zuwa ga tsokar ƙafafu da hannuwa. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ne ya yi bayanin wannan shiri na jiki a shekarar 1915, wato shirin faɗa ko gudu.

Wannan mai gadi ba ya jiran tunani ya gama aikinsa. Shi ya sa mutum kan zabura idan ya ga igiya a duhu kafin ya gane ba maciji ba ne, shi ya sa kuma mai kallon fim kan firgita alhali ya san hoto ne kawai a gabansa. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka suka ba da rahoton wata mata wadda wata cuta ta gado ta lalata mata amigdala duka biyu. Sun kai ta wurin macizai, sun zaga da ita wani gidan da aka shirya musamman domin tsorata jama'a, sun nuna mata sassan finafinan ban tsoro, amma ko gezau ba ta yi ba. Wannan ya nuna irin muhimmancin ɗan curin nan wajen jin tsoron abin da ke tahowa daga waje.

ƘWAƘWALWA MAI TASOWA

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar shekara 10 zuwa 19 a matsayin shekarun tasowa. A da an zaci ƙwaƙwalwa kan gama girma tun ana yara, sai binciken da Jay Giedd da abokan aikinsa suka buga a shekarar 1999 ya sauya wannan fahimta. Sun yi ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara da na'urar MRI, suna maimaitawa a kan yaran nan dai yayin da suke girma, suka ga ana ta gyare-gyare a cikinta har bayan balaga. Hanyoyin sadarwa da ba a amfani da su ana datse su, waɗanda ake amfani da su kuwa ana lulluɓe su da wani kitse mai suna mayelin domin saƙo ya ƙara sauri. Sashen da ke bayan goshi, wanda ke kula da tsara al'amura da auna sakamako da danne zuciya, yana cikin na ƙarshe wajen kammaluwa, domin aikinsa kan kai har shekara ashirin da 'yan kai.

Sassan da ke kula da motsin rai da jin daɗi kuwa, tun farkon balaga sinadaran homon ke zaburar da su. Ke nan akwai wasu shekaru da doki ya riga ya yi ƙarfi alhali linzami bai gama ƙeruwa ba. A cikin wannan tsakani ne cututtuka da dama ke samun ƙofa. Wani babban nazari da aka buga a shekarar 2022, wanda ya tattara sakamakon bincike 192 daga sassan duniya, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu larurar ƙwaƙwalwa ta fara musu ne kafin shekara 14, kusan rabi kuma kafin shekara 18. Haka nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane matasa bakwai yana fama da wata irin wannan larura, musamman ciwon damuwa da na fargaba. Idan aka kwatanta da aji mai ɗalibai 70, ana maganar yara 10 ke nan.

CARRIE DA ZAFIN WARIYA

Fim ɗin da ya fi kowane suna a wannan fage shi ne Carrie, wanda Brian De Palma ya shirya a shekarar 1976, daga littafin da Stephen King ya buga a 1974. King malamin sakandare ne a jihar Maine lokacin da ya rubuta shi, ya kuma bayyana daga baya cewa wasu 'yan mata biyu da aka riƙa tsangwama a makarantarsu yana yaro ne suka ba shi hoton yarinyar. Carrie 'yar shekara 16 ce, mai kunya, marar ƙawa. Jinin haila ya fara zo mata a wurin wanka na makaranta, ita kuwa ba wanda ya taɓa yi mata bayaninsa, saboda haka ta zaci mutuwa za ta yi. Maimakon 'yan ajinsu su taimake ta, sai suka kewaye ta da ihu da dariya. A gida uwarta ta ɗauki abin a matsayin alamar zunubi, ta kulle ta a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki. Shugaban makarantar ma, da aka kai ta ofishinsa, ya yi ta kuskuren sunanta.

Ƙarshen labarin sananne ne. A daren bikin ƙarshen shekara, daidai lokacin da Carrie ta fara jin an karɓe ta, wasu suka kwara mata bokitin jinin alade a gaban jama'a, ita kuwa ta yi amfani da wani iko da take da shi na motsa abubuwa da tunani, ta hallaka waɗanda ke cikin zauren. Ikon nan ƙage ne, amma zafin da ya haife shi kimiyya ta auna shi. A shekarar 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka sa mutane wasan jefa ƙwallo a kwamfuta suna kwance cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ana cikin wasa sai sauran 'yan wasan biyu, waɗanda a haƙiƙa kwamfuta ce ke sarrafa su, suka daina jefa musu ƙwallon. Sashen ƙwaƙwalwar da ya motsa a lokacin yana cikin waɗanda ke motsawa idan mutum na jin raɗaɗin ciwo a jikinsa. Masana suna muhawara har yanzu a kan iyakar kamancin da ke tsakanin zafin nan biyu, amma wani gwajin da aka yi a Landan a 2010 da wannan wasa ya nuna cewa wariyar ta fi ɓata ran 'yan mata masu tasowa fiye da na manyan mata.

Tabon kuma yana daɗewa. A Birtaniya an bi rayuwar yaran da aka haifa cikin mako guda a shekarar 1958, sa'an nan a 2014 masu bincike suka duba bayanan mutum 7,771 daga cikinsu. Waɗanda aka riƙa cin zalinsu suna 'yan shekara 7 zuwa 11 sun fi sauran fama da ciwon damuwa da fargaba da tunanin kashe kai, kusan shekara 40 bayan abin ya wuce. Matsalar kuwa ba ta Turawa kaɗai ba ce. Rahoton hukumar UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi, a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kusan rabi.

Wani fim na Koriya ta Kudu mai suna Whispering Corridors, na shekarar 1998, ya juya madubin ga malamai. A wata makarantar 'yan mata da ake fifita masu ƙoƙari da 'ya'yan masu hali, ake kuma duka da wulaƙanta sauran, fatalwar wata ɗaliba da ta mutu ta ci gaba da zuwa aji shekara da shekaru. Hotonta yana fitowa a kundin hotunan masu gama makaranta, amma ba wanda ya lura, domin tun tana raye ma ba a kallon ta.

ELM STREET DA YAƘI DA BARCI

A shekarar 1984 Wes Craven ya fito da A Nightmare on Elm Street, inda wani makashi mai suna Freddy Krueger ke bin matasa cikin mafarki, wanda ya kashe a can kuwa ya mutu ke nan a zahiri. Jarumar fim ɗin, Nancy, ta koma shan kofi da ƙwayoyin hana barci, tana kwana da kwanaki ido biyu. Ta gaya wa iyayenta abin da ke faruwa, ba su yarda ba. Ubanta ɗan sanda ya ɗauka ruɗewa ce, uwarta kuma ta sa aka yi wa tagogin gidan ƙarafa. Daga baya ta bayyana cewa iyayen unguwar ne suka ƙone Krueger shekarun baya saboda kisan yara da ya yi, suka kuma ɓoye wa 'ya'yansu labarin.

Craven ya ce wasu rahotannin jaridar Los Angeles Times ne suka ba shi tunanin. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin na 1980, 'yan gudun hijira fiye da 100 daga kudu maso gabashin Asiya, yawancinsu maza masu jini a jika 'yan ƙabilar Hmong, suka mutu cikin barci a Amurka ba tare da wata rashin lafiya da aka sani ba. Bincike ya danganta da yawa daga irin wannan mutuwa da wata matsala ta gado a tsarin lantarkin zuciya, wadda likitoci biyu 'yan uwan juna, Pedro da Josep Brugada, suka bayyana a shekarar 1992.

Abin da ya fi shafar ɗalibi a nan shi ne barcin kansa. Binciken Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ya nuna cewa da balaga ta kama, agogon jiki kan ja baya. Sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki dare ya yi, yakan makara wajen fita, saboda haka matashi ba ya jin barci da wuri kamar ƙanensa, alhali likitoci sun ce yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Idan aka haɗa da karatun dare da hasken wayar salula da tashin asuba, sai bashin barci ya taru. Ƙarancin barci kuwa yana sa amigdala ta yi saurin zabura, yana raunana ikon sashen goshi a kanta, yana kuma tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon damuwa. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun matasa su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe.

Akwai kuma abin da Bahaushe ke kira dannau. A lokacin da mutum ke mafarki, ƙwaƙwalwa kan kashe motsin tsokar jiki domin kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali kan farka kafin a saki tsokar, sai mutum ya ji ya kasa motsi, ƙirjinsa ya yi nauyi, har ya ga kamar wani abu na tsaye a kansa. Wani nazari na 2011 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantar haka, a cikin ɗalibai kuwa kashi 28 ne. Rashin isasshen barci da damuwa da kwanciya rigingine suna ƙara shi, yakan kuma wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci ba tare da ya yi wa jiki lahani ba.

TALK TO ME DA IDON ABOKAI

Wasu tagwaye 'yan ƙasar Ostareliya, Danny da Michael Philippou, su ne suka shirya Talk to Me, wanda ya shiga gidajen sinima a 2023. Matasan birnin Adelaide sun sami wani busasshen hannu, wanda duk ya riƙe shi ya furta wasu kalmomi, ruhun matacce zai shige shi. Ƙa'idarsu ita ce kada a wuce daƙiƙa 90. Sun mai da abin wasan dare, ana layi, ana shewa, ana ɗauka da waya ana yaɗawa. Mia, 'yar shekara 17 wadda uwarta ta rasu shekara biyu kafin nan, ita ta fi kowa nitsewa a ciki, domin wasan ya ba ta farin jini a wurin waɗanda da ba sa son zama da ita. Ranar da ƙanen ƙawarta ya riƙe hannun, ta ji kamar muryar uwarta ce ke fita daga bakinsa, sai ta bari ya zarce lokaci, yaron ya ji mummunan rauni.

Ba a bukatar dogon tunani kafin a gane cewa hannun nan yana wakiltar miyagun ƙwayoyi da sauran wasannin ganganci. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kimiyya kuma ta nuna cewa ko maɗaukin kanwar bai ce uffan ba, zamansa kawai ya isa. A shekarar 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple suka sa mutum 306 wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu kuma a gaban tsararsu. Ganganci wajen tuƙi ya ninka a wurin 'yan shekara 13 zuwa 16 idan tsararsu na kallo, manya kuwa babu wani canji na a zo a gani. Wani gwajin na 2011 ya nuna dalili: kasancewar abokai yana ƙara motsa sassan ƙwaƙwalwar matashi masu jin daɗin lada, waɗanda ke aiki da sinadarin dofamin. Matashin ya san haɗarin sarai, daɗin burge abokai ne ke rinjayar ma'auninsa.

Fim ɗin ya kuma taɓo baƙin cikin rashi. Uban Mia ya ɓoye mata wasiƙar da uwarta ta bari, wadda ke nuna ita ta kashe kanta, yana ganin kare 'yarsa yake yi. Shirun nan ne ya bar yarinyar tana neman amsa a wurin da bai kamata ba. Haka iyayen Nancy suka yi, haka uwar Carrie ta yi. A cikin finafinan nan uku, manya suna riƙe da wani bayani da yaro ke bukata, sun hana shi, sa'an nan da ya kawo kuka suka ƙi saurare.

INDA FINAFINAN SUKA KAUCE

Duk da wannan gaskiya da suka faɗa, finafinan ban tsoro sun dasa wata mummunar fahimta a zukatan jama'a, wato cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa abin gudu ne. A cikin Halloween na 1978, makashin yaro ne da ya kashe yayarsa yana ɗan shekara 6, ya tsere daga asibitin masu taɓin hankali bayan shekara 15, likitansa ma da kansa yana kallon sa a matsayin tsantsar sharri. A cikin Split na 2016, an mai da wata larura da ake dangantawa da azabar da aka sha a ƙuruciya ta zama tushen dodanci. Carrie ma ba ta tsira daga wannan ba, tun da ta ƙare a matsayin mai kisan gilla.

Alƙaluma ba su goyi bayan wannan hoto ba. Bincike a Amurka ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 4 cikin 100 kawai na ayyukan ta'adi a kan wasu za a iya jingina wa ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, masu irin wannan ciwo kuma sun fi sauran jama'a fuskantar duka da zalunci. Yaron da aka tsangwama a zahiri ba ya ƙone makaranta. Abin da aka fi gani shi ne ya yi shiru, ya daina cin abinci, makinsa ya faɗi, ya fara fashin aji, wani lokaci ya cutar da kansa. Kashe kai yana cikin manyan dalilan mutuwar masu shekara 15 zuwa 29 a duniya. Illar wancan hoto na fim ita ce yana sa yaro ya ɓoye halin da yake ciki don gudun a kira shi mahaukaci.

KALLON YANA DA AMFANI KO ILLA?

Tsoratar da yara da labari ba baƙon abu ba ne, domin Dodo ya daɗe a cikin tatsuniya. A Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak akwai masu nazarin tsoron nishaɗi. A shekarar 2020 sun auna bugun zuciyar mutum 110 da suka shiga wani gidan tsoratarwa, suka gano cewa daɗin yana kaiwa ƙololuwa ne idan tsoron ya tsaya tsaka-tsaki, in ya yi kaɗan a gundura, in ya yi yawa kuma daɗin ya gushe. Suna ganin irin wannan wasa yana iya zama atisaye na sarrafa fargaba a wurin da babu haɗari na gaske.

A ɗaya gefen, Kristen Harrison da Joanne Cantor sun tambayi ɗaliban jami'a a Amurka a 1999 game da finafinan da suka firgita su suna yara, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suka ce har lokacin tsoron bai sake su ba. Waɗanda suka kalla suna ƙanana su suka fi daɗewa da shi. Ya kamata a sani kuma cewa wasu daga cikin finafinan da aka ambata a nan an yi musu alamar na manya a ƙasashensu, saboda zubar da jini da tsiraici. Ambaton su domin nazari ne, yaron da ke fama da fargaba ko rashin barci ko sabon rashi kuwa ya fi kowa dacewa ya nisance su.

KAMMALAWA

Abin da malami zai ɗauka a nan shi ne cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗalibin da ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ya janye daga abokai, ya bar abin da ya saba so, barcinsa ko cinsa ya sauya, ko ya fara maganar cewa rayuwarsa ba ta da amfani, yana bukatar a kira shi gefe a saurare shi, a sanar da iyayensa, a kuma kai shi ga likita. Wasu na tsoron kada tambayar yaro ko yana tunanin kashe kansa ta cusa masa tunanin. Binciken da Madelyn Gould ta Jami'ar Columbia ta yi a 2005 a kan ɗaliban sakandare fiye da 2,000 ya nuna cewa tambayar ba ta ƙara wannan haɗari. Ciwon damuwa da na fargaba suna jin magani, ta hanyar zama da ƙwararre, wani lokaci kuma da ƙwayoyin da likita ya rubuta.

Cin zali ma yana raguwa idan makaranta ta tashi tsaye. A shekarar 1982 yara maza uku suka kashe kansu a arewacin ƙasar Norwe bayan tsangwamar 'yan makarantarsu, abin da ya sa gwamnati ta ƙaddamar da gangami a 1983. Shirin da Dan Olweus ya gwada a makarantu 42 na birnin Bergen ya rage cin zali da kusan rabi. Ginshiƙansa su ne dokoki bayyanannu, da sa ido a filin wasa da sauran wuraren da malamai ba su cika zuwa ba, da tattaunawa a aji a kai a kai, da jawo iyaye cikin lamarin. Makarantun kwana, inda ake ɗaukar azabar da manyan ɗalibai ke gana wa ƙanana a matsayin al'ada, su suka fi bukatar irin wannan tsari. Haka nan darasin balaga ya kamata ya riga balagar isowa, domin kada wata yarinya ta ga jini ta zaci ajali ne.

Ɗalibai kuma su tuna cewa a zauren da aka wulaƙanta Carrie, waɗanda suka shirya makircin ba su da yawa, masu kallo ne suka cika wurin. Nazarin da aka yi a filayen wasan makarantun firamare a Kanada ya nuna cewa idan wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokuta cin zalin kan tsaya cikin daƙiƙa 10. Wanda ba zai iya sa baki ba yana iya zama kusa da wanda aka ware a lokacin cin abinci, ko ya kai rahoto ga malamin da ya amince da shi. Wanda kuma shi ne abin ke damu, ya nemi babba guda ya gaya masa, in wannan bai saurara ba ya nemi wani.